Saiwa, Laka da Ruwa: Yadda Kurmin Mangurob Ke Tsare Gaɓar Teku da Renon Halittu

Tsakure

Wannan takarda ta dubi aikin da kurmin mangurob ke yi wajen karya ƙarfin igiyar teku da hana zaizayar gaɓa, da kuma matsayinsa na wurin renon kifi da mafakar namun daji. An ɗauko hujjoji daga binciken da aka wallafa kan Indiya da Bangaladash da Biyetnam da yankin Karibiyan, sannan aka auna su da halin da Neja-Delta ke ciki. Ra'ayin takardar shi ne, ƙarfin wannan kurmi ya rataya ne a kan faɗinsa da lakar da ke ƙarƙashinsa da kai-komon ruwan da ke ratsa shi. Saboda haka yawan dashen da aka kafa ba ya isa ya zama ma'aunin nasara, kuma abin da ake yi wa kogunan Kwara da Binuwai can sama yana cikin lissafin.

1.0 Gabatarwa



Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, daga iyakarmu da Jamhuriyar Benin zuwa bakin Kamaru. A mafi yawan wannan tsawo, musamman daga jihar Delta zuwa Kuros Riba, da zarar an wuce siririn tudun yashin da ke fuskantar teku sai a faɗa wani irin kurmi da ke tsaye cikin laka. Ruwa kan cika ya rufe gindinsa sau biyu tsakanin dare da rana, ya kuma janye. Shi ne kurmin mangurob. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarar 2020 sun nuna cewa abin da ya rage a duniya ya kai kimanin murabba'in kilomita 147,000, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar yana Indunusiya. Barazil da Ostireliya da Meziko na biye, sai Nijeriya, wadda ita ce ta ɗaya a Afirka. Ƙiyasin namu yakan kama daga murabba'in kilomita 7,000 zuwa 10,000, gwargwadon hanyar awon da mai bincike ya bi.

Kurmin yana raguwa. Valiela da abokan aikinsa (2001) sun ƙiyasta cewa an rasa kashi 35 cikin 100 a ƙasashen da suka samu bayanansu cikin shekara ashirin kacal. Saurin asarar ya ragu daga baya, amma a watan Mayun 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa rabin muhallan mangurob na duniya na cikin haɗarin durƙushewa nan da shekarar 2050.

Tun bayan bala'in tsunami na 2004 aka shiga yayata cewa mangurob garkuwa ce ga mazauna gaɓa. Maganar tana da tushe, sai dai an faɗe ta har ta wuce inda hujja ta tsaya, kuma gwamnatoci da ƙungiyoyi sun kashe maƙudan kuɗi a kan fahimtar da ba ta cika ba. Abin da zan yi ƙoƙarin warwarewa ke nan.

2.0 Itacen da Ke Rayuwa a Ruwan Zartsi

Mangurob ba jinsin itace guda ba ne. Itatuwa ne wajen iri saba'in daga dangi daban-daban, abin da ya haɗa su shi ne iya rayuwa inda sauran itatuwa ke mutuwa: cikin ruwan zartsi, a kan laka mai sulɓi wadda iska ba ta ratsa ta. A Neja-Delta wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne jan mangurob, Rhizophora racemosa. Saiwoyinsa kan fito daga jikin kututture da rassa, su lanƙwaso su soki laka, su sake reshe, har su sarƙe ta yadda mutum ba ya iya ratsawa sai da adda. Akwai kuma Avicennia germinans, wanda ya fi son wuri mai ɗan tudu da gishiri mai yawa. Nasa saiwoyin a kwance suke ƙarƙashin ƙasa, sai su riƙa turo ƙananan tsinke sama, dubbai a gindin itace guda, don shaƙar iska idan ruwa ya janye.

Kowanne da dabararsa kan gishiri. Jan mangurob yana tace mafi yawansa tun daga saiwa, Avicennia kuwa yakan sha ya fitar ta ganye, har a ga farin gishiri ya bushe a kai. Ɗan jan mangurob tun yana jikin uwa yake tsira, ya yi tsawo ya yi tsini, sannan ya faɗo. In ya dace da laka sai ya kafu, in ruwa ya ɗauke shi yana iya yin makonni ko watanni yana yawo da ransa har ya sami masauki.

Abu ɗaya nake so a riƙe daga wannan sashe, domin zai dawo gaba: itacen ta saiwa yake numfashi, ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ɓawonta. Dole ruwa ya zo, dole kuma ya tafi. In ya daɗe a kai fiye da kima itacen ya shaƙe, in aka datse shi gaba ɗaya gishiri ya taru ya ƙone shi.

3.0 Kariyar Gaɓa: Inda Hujja Ta Kai

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Akwai igiyar yau da kullum wadda iska ke tayarwa. Akwai tumbatsar da mahaukaciyar guguwa ke turowa, inda teku gaba ɗayansa ke ɗagowa ya hau tudu na tsawon sa'o'i. Akwai kuma tsunami, wadda girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ke haifarwa. Aikin kurmin a kan kowacce daban yake.

A kan igiyar yau da kullum babu jayayya. Mazda da abokan aikinsa (1997) sun auna igiya a gaɓar arewacin Biyetnam, inda aka dasa mangurob a gaban ganuwar da ke tsare gonakin shinkafa, suka ga tsawonta na raguwa da kimanin kashi 20 cikin 100 a kowace mita 100 inda itatuwan suka girma. McIvor da abokan aikinta (2012) sun tattara awon da aka yi a ƙasashe da dama, suka samu raguwar kashi 13 zuwa 66 cikin 100 a wannan tazara. Dalilin a bayyane yake. Ruwa na shiga cikin sarƙaƙƙun saiwoyi sai ya rarrabu, ya yi ta karo yana juyawa, ƙarfinsa na zubewa. Kuma lissafin ya fi yadda ake zato daɗi, domin ƙarfin igiya yana bin tsawonta ne ninki a kan ninki: igiyar da aka rage wa rabin tsawo, rubu'in ƙarfinta kawai ya rage. Wannan ne ya sa ganuwar ƙasa da ke bayan kurmi take daɗewa ba ta nemi gyara ba. Tazarar da ke tsakanin 13 da 66 kuwa ta nuna cewa ba kowane kurmi ke aiki daidai ba. Mai kauri da cunkoson saiwa ya fi wanda aka sassare, kuma idan ruwa ya cika har ya haura saiwoyin, ya rage kututture kawai a gabansa, aikin yakan ragu.

Tumbatsar guguwa wani abu ce daban. Wannan ruwa ba ya fashewa a bakin gaɓa, malala yake yi, yana kuma bin rafuka ya zagaye. Awon da ake da shi ya nuna kurmin na rage tsawonsa da santimita 5 zuwa 50 a kowace kilomita. A lura, kilomita, ba mita 100 ba. Ke nan siririn layin itatuwa mai faɗin mita hamsin ba zai hana tumbatsar mita biyar shiga gari ba. Abin da zai yi shi ne rage gudun ruwan, da karya igiyoyin da ke bisa tumbatsar, da tare tarkacen jirage da katakai waɗanda su ne kan rushe gidaje.

Hujja mafi ƙarfi da na sani a nan ta fito ne daga jihar Odisha ta Indiya. A watan Oktoban 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa jihar ta kashe kusan mutum 10,000. Saudamini Das da Jeffrey Vincent (2009) sun bi bayanan ƙauyuka 409 a gundumar Kendrapara, suka cire tasirin nisan ƙauye daga teku da tudunsa da sauran abubuwan da ka iya ruɗa lissafi, duk da haka suka tarar ƙauyukan da ke da kurmi mai faɗi tsakaninsu da teku sun fi ƙarancin mace-mace. Darajar wannan bincike ita ce taka-tsantsan ɗin da aka yi wajen tace dalilai. Amma tarihin jihar bai tsaya nan ba. A 2013 guguwar Phailin ta nufo wannan gaɓa, hukuma ta kwashe kusan mutum miliyan ɗaya tun kafin ta iso, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Haka abin yake a Bangaladash. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 ta kashe kimanin 138,000, guguwar Sidr ta Nuwamban 2007 kuwa dubu uku da 'yan ɗaruruwa. Gaskiya ne Sidr ta fara dira ne ta gefen kurmin Sundarban, kurmin ya sha duka ƙwarai, amma gargaɗin gaggawa da gine-ginen fakewa da aka yi a tsakanin waɗannan shekaru su ne babban abin da ya sauya. Wanda ya ce a dasa itace a bar maganar gargaɗi da matsuguni, ya jefa mutane cikin haɗari.

A kan tsunami ne aka fi yin zuzutawa. Bala'in 26 ga Disamban 2004 ya hallaka kimanin mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya. Danielsen da abokan aikinsa (2005) sun nuna cewa a gundumar Cuddalore ta jihar Tamil Nadu ƙauyukan da ke bayan kurmi sun tsira, na bakin teku kuwa sun rushe. Labarin ya bazu ko'ina. Ba da jimawa ba Kerr da Baird da Campbell (2006) suka sake duba alƙaluman wani bincike makamancinsa daga yankin, suka ce nisa daga teku da tudun wuri sun isa su bayyana bambancin. Ai ƙauyen da ke bayan kurmi dole ya fi nisa da teku. A lardin Aceh na Indunusiya, kusa da inda girgizar ta auku, ruwan ya tumɓuke itatuwan da saiwoyinsu ya tafi da su. Abin da hankali zai ɗauka shi ne, kurmi mai faɗi na rage ɓarnar tsunami matsakaiciya, babba kuwa ta fi ƙarfinsa. Akwai kuma wata kariya da ba a cika ambata ba: muddin kurmin na tsaye, ba wanda zai gina gida a wurin.

Da aka tara wannan duka a ma'aunin kuɗi, Menéndez da abokan aikinsa (2020) sun ƙiyasta cewa mangurob na hana asarar dukiya ta sama da dala biliyan 65 a shekara, kuma in babu shi mutum miliyan 15 za su ƙaru a kan waɗanda ambaliya ke shafa. Lissafin kwamfuta ne, ba awon fili ba, a ɗauke shi a matsayin manuni ga girman abin.

4.0 Laka da Inda Take Fitowa

A ganina babban aikin kurmin ba ranar guguwa yake yin sa ba. Kullum ruwa ya cika yakan shigo ɗauke da laka. Yana shiga cikin saiwoyi sai gudunsa ya mutu, lakar ta kwanta. Saiwoyi su riƙe ta, matattun saiwoyi da ganye su ƙaru a kai, ƙasa ta riƙa ɗagowa da 'yan milimitoci kowace shekara. Ganuwar siminti tun ranar da aka gama ta take fara tsufa, kurmi kuwa yana iya ƙara tsawo tare da teku. A cikin wannan laka ce kuma ake samun tarin kabon da ake ta magana a kai. Donato da abokan aikinsa (2011) sun auna kimanin tan 1,000 a kowace hekta a yankin tekun Indiya da Fasifik, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa.

Sai dai wannan ɗagowa tana da iyaka. Saintilan da abokan aikinsa (2020) sun bi tarihin laka na shekaru dubbai, suka ga mangurob ba ya iya bin teku idan hawansa ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara. Tsakanin 2006 da 2018 tekun duniya ya hau da milimita 3.7 a shekara, saurin na ƙaruwa, ga shi kuma ƙasar bakin manyan koguna tana nutsewa da kanta. Abin da zai raba gardama shi ne yawan lakar da kogi ke kawowa.

A nan ne maganar ta shafi mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Neja-Delta da lakar Kwara da Binuwai aka gina ta. Ƙasar da ruwan sama ke wankewa daga gonakin Zamfara da Kabi ta bi gulbin Rima da na Sakkwato, wadda kogin Kaduna ke ɗebowa, da wadda Gongola ke zubawa a Binuwai wajen Numan, duk Lakwaja suke haɗuwa su gangara. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Lagdo a Kamaru a 1982, ta Jebba a tsakiyar shekarun 1980, ta Shiroro a 1990. Kowace madatsa tana tare laka a bayanta, ruwa ya wuce a tace. Ba ina cewa kada a gina madatsa ba, muna bukatar wuta da noman rani. Amma ya kamata rahoton tasirin muhalli na kowace sabuwar madatsa ya faɗi lakar da za a hana gaɓa. Bangaladash ta ga irin wannan. Tun da Indiya ta buɗe madatsar Farakka a kan kogin Ganges a 1975 ruwan daɗin da ke isa Sundarban da rani ya ragu, gishiri ya ƙaru, kuma itacen sundari na wannan kurmi ba ya jure gishiri mai yawa.

5.0 Mafakar Halittu

Saiwoyin da ke karya igiya su ne kuma ke renon kifi. Abinci na farawa daga ganyen da ke zubowa. Ƙaguwoyi kan ja shi cikin ramukansu, ƙwayoyin halitta su ruɓar da saura, tsutsotsi da ƙananan jatan lande su ci, kifi ya ci su. Ramukan ƙaguwar kuma su ke shigar da iska cikin laka, shi ya sa kurmin da ƙaguwa ta ƙaurace wa ba ya lafiya. Ƙaramin kifi na samun abu biyu a nan, abinci da maɓoya, domin babban kifi ba ya iya kutsawa cikin saiwoyin, ruwan kuma gurɓatacce ne da laka, mai farauta da ido ba ya gani sosai.

Mumby da abokan aikinsa (2004) sun gwada wannan a Belize da Meziko. Sun kwatanta duwatsun murjani da ke kusa da mangurob da waɗanda ba su da shi, suka ga nauyin wasu kifayen kasuwa ya ninka fiye da sau biyu inda kurmin yake. Wani babban kifi mai cin ciyawar teku, Scarus guacamaia, ya ɓace ƙurmus a wurin da aka sare kurmin. Masuncin da ke jefa koma can cikin teku yana cin amfanin kurmin da wataƙila bai taɓa shiga ba.

A Neja-Delta kawa kan manne a jikin saiwoyin jan mangurob, ƙananan dodon koɗi su baje a kan laka, mata su bi da kwalekwale suna tsinta idan ruwa ya janye. Wannan sana'a ce ta ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta, amma da wuya ka gan ta a alƙaluman tattalin arziki. Akwai kifin nan mai tafiya a kan laka da fukafukansa, akwai kada, da birai, da zalɓe da balbela. Akwai ayu, wanda masuntan Yawuri da na Binuwai suka sani sarai, yana kiwo a rafukan kurmin kamar yadda yake yi a kogi. Kifin bonga da ake bandarsa da busasshen jatan landen da ake lodi daga Oron zuwa kasuwannin ƙasar nan, rayuwarsu na farko tana da alaƙa da waɗannan mashigai.

Sundarban, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000 tsakanin Bangaladash da Indiya, shi ne kurmin mangurob mafi girma da ke haɗe wuri guda, kuma shi kaɗai ne mai damisar Bengal. Ƙidayar ɓangaren Bangaladash ta ba da 106 a 2015, 114 a 2018, 125 a 2024. Damisar can ta saba iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, kuma masu ɗibar zuma da masunta na rasa rayukansu a hannunta. Na ambaci wannan ne don kada a ɗauka zama kusa da mafakar namun daji daɗi ne zalla. A tsibiran Bijagos na Gini Bisau kuwa, dubban ɗaruruwan tsuntsayen bakin ruwa daga arewacin Turai da Saiberiya ne ke cin rani a kan lakar da ke gaban kurmin.

6.0 Halin da Neja-Delta Ke Ciki

A Asiya kiwon jatan lande da noman shinkafa da gonakin kwakwar manja ne suka fi cin kurmin. Namu ciwon daban ne.

Na farko ɗanyen mai. Na faɗa a baya cewa itacen ta saiwa yake numfashi. Idan mai ya malala, ruwa ya cika ya ɗaga shi, ya janye ya bar shi shafe a jikin saiwoyi, ƙofofin numfashi sun toshe ke nan. Ya kuma bi ramukan ƙaguwa ya nutse cikin laka inda babu iskar da za ta taimaka ya ruɓe, ya zauna shekara da shekaru. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a watan Agustan 2011, ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya ba da shawarar a fara da asusun dala biliyan ɗaya. A garin Bodo na wannan yanki, malala biyu daga bututun kamfanin Shell da suka fara a 2008 sun kashe kurmi mai yawa, kuma sai a Janairun 2015 aka daidaita kan diyyar fam miliyan 55 bayan an kai ƙara Landan. Ba kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. Masu fasa bututu da masu dafa mai a ɓoye, abin da mutanen yankin ke kira kpofire, suna sare kurmin su kafa tukwanensu, su zubar da dagwalon cikin rafi.

Na biyu nipa, wata 'yar dangin kwakwa da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. A ƙasarta ta asali tana da amfani, ana rufin ɗaki da ganyenta ana tatsar ruwanta. A nan ta zama annoba, ta bazu yamma cikin Delta da gabas har Kamaru. Ba ta da saiwoyin sama da kawa za ta manne ko ƙaramin kifi ya ɓuya, masunta kuma na kukan cewa inda ta mamaye kamu ya ragu. Abin lura shi ne ta fi kama wurin da aka riga aka sare ko mai ya kashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku sara. Icen jan mangurob yana da nauyi, yana ci da wuta ko da bai gama bushewa ba, shi ya sa masu banda suka fi son sa daga Bayelsa har gaɓar Duwala. Ga cike fadama don gine-gine a Fatakwal da Legas, ga yashe mashigai don jiragen kamfanonin mai, wanda ke sauya tafiyar ruwa ya tura gishiri inda bai saba zuwa ba.

7.0 Dashe da Abin da Ya Kamata a Auna

Duk wanda ya girma a Arewa ya san bikin dashen itace: a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, bayan damina awaki su gama da sauran. Mangurob ma ya sha wannan. Primavera da Esteban (2008) sun duba dashen shekaru da dama a Filifin, suka ga abin da ya rayu bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Kodikara da abokan aikinsa (2017) sun bi wurare 23 da aka dasa a Siri Lanka, galibi bayan tsunami. A tara babu ko ɗaya da ya rayu, uku ne kawai suka haura rabi. Dalilin kusan ɗaya ne ko'ina. An dasa jan mangurob irin na can saboda ɗansa ya fi sauƙin tsinta da sokawa, an kuma dasa shi a fili mai zurfi inda ruwa ke daɗewa, domin can ne ba mai gardamar mallaka. Wurin da ya dace, wato tsofaffin tafkunan kiwon jatan lande da filayen da aka cike, yana da masu shi.

Masanin nan na Amurka, Robin Lewis, ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa a fara gyara tafiyar ruwa. In aka fasa ganuwar da ta datse rafi, aka daidaita tudun ƙasa, kuma akwai iyayen itatuwa kusa, ruwa da kansa zai kawo 'ya'yan. A Demak da ke tsibirin Java, inda teku ya cinye ƙauyuka bayan an mai da kurmi tafkuna, an kafa shingayen gora da ƙirare a cikin ruwa don su tare laka tukuna, domin sai ƙasa ta dawo itace zai tsaya. Dashe na da wurinsa. A Kasamas da Salum na Sanagal ƙungiyar Oceanium ta jagoranci ƙauyuka suka dasa miliyoyi tun daga 2006, kuma a wurin da mai ya kashe iyayen gaba ɗaya, kamar Bodo, ba makawa sai an dasa bayan an wanke lakar. A Gazi ta ƙasar Kenya shirin Mikoko Pamoja ya bi wata hanya, inda ƙauyuka ke tsare kurminsu suna sayar da kabon da ya adana, kuɗin ya tafi ga ruwan sha da makaranta.

Nijeriya na cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, kuma a 2008 an sanya dajin Apoi na Bayelsa cikin jerin. Amma mafi yawan kurminmu ba ya ƙarƙashin wata kariya da ke aiki a ƙasa. Hekta ɗaya da ke tsaye yau, da saiwoyinta da ƙaguwarta da lakar da ta tara shekaru ɗaruruwa, ta fi hekta goma ta dashen bana, kuma tsare ta ya fi araha. Mai banda ba zai daina sara don an yi masa wa'azi ba, sai an ba shi murhun da ke cin ice kaɗan da kuma haƙƙi a kan rafin da yake tsarewa.

Kirana ga hukumomin muhalli na tarayya da na jihohin gaɓa, da masu ba da tallafi, shi ne su daina karɓar rahoton da ya tsaya kan adadin dashe. Su nemi a faɗa musu hekta nawa ta rayu bayan shekara biyar, faɗin kurmin mita nawa ne tsakanin teku da gari, ƙasa tana ɗagowa ko nutsewa take yi, kuma ko kawa da ƙaguwa sun dawo. Jami'o'inmu na Arewa da ke nazarin koguna da madatsu kuma su haɗa hannu da takwarorinsu na Fatakwal da Kalaba a kafa awon laka na dindindin daga Jebba da Makurɗi zuwa bakin teku.